Gas Ɗin AC Ɗin Mota: Mu Cika Da Kanmu Ko Mu Kai Wa Gwani?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, da zarar AC ɗin mota ya fara huro iska mai ɗumi sai ka ji an ce, "gas ya ƙare." Ga kuma bidiyoyi birjik a YouTube da TikTok, da yawansu daga Amurka, inda mutum zai sayo ɗan gwangwanin gas mai tiyo da geji, ya jona a motarsa, nan take sanyi ya dawo. Da yake mu matasa ne aka sani da waya a hannu, mu ake cewa a gida, "duba mana yadda ake yi." To ƙannenmu, kafin ɗayanmu ya ce wa Baba ya bar masa aikin, bari mu fara sanin abin da ke cikin bututun.

Gas ɗin AC ba kamar fetur ba ne, domin ba ƙone shi ake yi ba, zagayawa yake yi. Kwamfireso zai matse shi ya yi zafi, ya tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, inda iska za ta huce shi ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa, matsinsa ya faɗi, ya shiga wasu siraran bututu da ke bayan dashbod. A can yake tafasa ya koma gas, yana kwashe zafin cikin motar. R-134a, wanda yawancin motocinmu ke amfani da shi, yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili. Hikimar ɗaya ce da ta randa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta idan ya bushe sai ya tafi da zafi.

Tunda a rufe hanyar take, idan gas ya ragu sosai to akwai inda yake yoyo. Wataƙila zoben roba ne ya bushe, ko tiyo ya tsage, ko tsakuwa ta huda kwandensa. Wanda ya cika gas bai toshe yoyo ba, ruwa ya zuba a kwando, kuma ba da jimawa ba zai sake kashe wani kuɗin.

Akwai abubuwa uku da gwangwanin ba zai iya ba. Na farko shi ne awo. Kamfanin kowace mota yakan liƙa takarda a ƙarƙashin bonet da ke faɗin giram nawa na gas take ɗauka, kuma yawancin ƙananan motoci ba sa kai kilo ɗaya. Da sikeli ake auna shi. Gejin gwangwani kuwa ɓangare ɗaya kawai yake karantawa, sannan abin da yake nunawa yana canzawa da zafin gari. Idan gas ya yi yawa sanyi zai ragu, matsi ya hau, kwamfireso ya iya lalacewa, kuma kuɗinsa ya ninka na gas sau da yawa. Garin neman ƙiba ke nan an samo rama.

Na biyu shi ne fitar da iska da danshi. Idan hanyar ta daɗe tana yoyo har gas ya ƙare, danshi kan shiga. Yana iya daskarewa ya toshe 'yar kafar nan, yana kuma ɓata man kwamfireso. Gwani yana da famfo na musamman da ke zuƙe su kafin a zuba sabon gas.

Na uku shi ne sanin irin gas ɗin. Tsofaffin motoci sun yi amfani da R-12, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke tare mana mugun hasken rana, bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. R-134a ya gaje shi a shekarun 1990. Daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana shi a sababbin motoci, inda yawancin kamfanoni suka koma R-1234yf. Da yake daga Turai da Amurka ake shigo mana da motoci, duk iri biyun suna kan titunanmu, kuma ba a gauraya su. Ga kuma jabu: a 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka, bincike ya danganta hakan da jabun gas. Gas ɗin girki kuwa kada ma a soma, wuta yake kamawa.

Jikinmu ma yana cikin haɗari. Idan ruwan gas ɗin ya fantsama a fata yana daskarar da ita nan take, a ido kuwa yana iya makantarwa. Ana kuma yin aikin ne inji na kunne, bel da fanka suna juyawa kusa da hannu. Sannan duk kilo ɗaya na R-134a da ya tsere, ɗumamar da yake jawo wa duniya ta kai ta kilo 1,430 na iskar kabon. Shi ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 cewa za a rage irin wannan gas.

Duk da haka akwai aikin da ya dace da mu. Za mu iya wanke ƙurar hunturu daga kwandensa da ruwa a hankali, inji a kashe. Za mu iya ciro matatar iskar cikin mota, wadda galibi take bayan akwatin gaban fasinja, mu ga ko ta toshe. Mu duba fiyus, mu lura ko fanka tana juyawa idan an kunna AC, mu nemi inda maiƙo ya taru a mahaɗar bututu, domin alamar yoyo ce. Ko a lokacin sanyi, a riƙa kunna AC na 'yan mintoci duk mako don robobin su sami mai.

Idan an je gareji kuma, a sani ba duk mai silinda ne gwani ba. Mu raka Baba ko Yaya, mu tambaya cikin ladabi: "Oga, an duba yoyo? Za a zuƙe iskar? Giram nawa za a zuba?" Mu duba ko yana da geji biyu, shuɗi da ja, da sikeli. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambaya ba.

Wanda kuma hannunsa ke ƙaiƙayin taɓa inji, ga hanya a buɗe: ana koyar da gyaran firiji da AC a kwalejojin fasaha, har hukumar NABTEB na shirya jarrabawa a kansa. A lokacin hutu ma ana iya neman izinin iyaye a zauna wurin gwani a koya daga tushe. A ƙasa mai zafi irin tamu, mai wannan sana'a ba zai rasa ciniki ba.