Hancin da ba ya mura

Duk wanda ya saba shiga Kantin Kwari ya taɓa ganin wannan. Gardama ta kaure tsakanin mai saye da mai sayarwa: wannan ya rantse yadinsa auduga ce zalla, wancan ya ce an sirka ta da leda. Sai wani dattijo ya miƙa hannu ya zaro silin zare daga gefen yadin, ya kyasta ashana. In auduga ce, wuta za ta cinye ta da ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi. In da leda a ciki, zaren narkewa zai yi ya dunƙule, ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Shi ke nan, an gama shari'a.

Dattijon nan bai taɓa jin kalmar sensa ba, amma aikinta ya yi. Ya sa abu ya tona asirin kansa, sannan ya karanta alamar. Matsalar ita ce abubuwan da suka fi yi mana ɓarna a yau ba sa jin ashana. Iskar da ke kashe iyali guda a ɗaki idan an kwana da janareta a kusa ba ta da wari, ba ta da launi. Ƙwayar maganin jabu da ta gaske, irin waɗanda aka sha kokawa da su a baya a kasuwar magani ta Sabon Gari, tagwaye ne a ido. Gab da azumin 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon kwaɓawa; hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari mai guba ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Farin gari ne, kamar kowane farin gari.

A nan ne masu binciken na'urorin sansano, wato sensa, suke shigowa, kuma da yawansu injiniyoyin sinadarai ne. Ɗauki 'yar na'urar da ake mannawa a kicin don ta yi kuka in tukunyar gas tana yoyo. A cikinta akwai ɗan ɗigon sinadarin kuza, dangin wadda ake haƙowa a Jos, da siririyar waya da ke gasa shi ya yi zafin ɗaruruwan digiri. In iska tsaftatacciya ce, iskar shaƙa takan lafe a jikinsa ta tare wa lantarki hanya. Da gas ya iso, sai ya kwashe ta, hanya ta buɗe, lantarki ya ƙaru, ƙararrawa ta ɗauka. Wani mutumin Jafan, Naoyoshi Taguchi, shi ya kai wannan dabara kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Haka tsinken da mai ciwon suga ke ɗiga wa jini: asalinsa aikin Leland Clark ne na Amurka a 1962. Kuma irin na'urar hannu da NAFDAC ta shigo da ita mai suna TruScan, wadda ke haska ƙwaya ta faɗi abin da ke cikinta ba tare da an fasa ta ba, ta dogara ne da abin da Raman na Indiya ya gano tun 1928.

Sirrin kowace sensa yana cikin abin da aka ƙera ta da shi, shi ya sa binciken sensa da binciken sababbin kayan ƙira suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mutum zai zaci sai an yi tsada kafin a yi sabo. A 2004, a Jami'ar Manchesta, Andre Geim da Konstantin Novoselov da salatif suka yi ta ɓare baƙin sinadarin da ke cikin fensir har suka sami fallen da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Mu ma nan ba a baya muke ba wajen albarkatu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an shafe shekaru ana sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama ziyolait, wani gari mai ƙananan ramuka da matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa ɗanyen mai. Ɓuntun shinkafar da ake tulawa a bayan injinan casa, in an ƙona shi yadda ya kamata, tokarsa kusan duk silika ce.

To yaya yaron Fagge zai kai ga wannan fage? Hanyar ba ɓoyayya ba ce, tsawo ne da ita. Lissafi da fizik da kemistiri a sakandare, sannan shekara biyar ta digirin injiniya, a Zariya ko a Jami'ar Bayero, da watannin koyon aiki a masana'anta a tsakiya. Bayan hidimar ƙasa, wanda ya fita da sakamako mai kyau yakan fara a matsayin mataimakin malami, ya yi digiri na biyu, ya yi na digirgir, wani a gida, wani a Malesiya ko Ingila ko Saudiyya da tallafin karatu. Daga nan sai hawa mataki-mataki har kujerar farfesa, kuma ba a hawa da yawan shekaru kaɗai. Sai an ga takardun binciken da ka wallafa, wasu masana sun tantance. Wanda ya shiga jami'a da ƙuruciya, da wuya ya kai ƙarshen tsanin nan bai fara furfura ba. Wasu kan ratse zuwa cibiyoyin bincike irin NARICT da ke Basawa, wadda Farfesa Idris Bugaje, shi ma injiniyan sinadarai, ya taɓa shugabanta.

Ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Albashin bai taka kara ya karya ba. Yaron shago mai sa'a a Kwari yana iya riga malamin jami'a gina gida. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ci. Na san wani da ya gasa samfurinsa a tanderun ɗakin gwaji, ana buƙatar awa shida cur, aka ɗauke wuta a awa ta huɗu, aikin mako uku ya lalace. Da ya sake, na'urar da za ta duba samfurin ta mutu, sai da ya ƙunshe garin a 'yar leda ya ba wani mai tafiya waje. Sakamakon bai dawo ba sai bayan wata biyar.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba rashin wuta ba ne. Tsarin ƙarin girma takarda yake ƙirgawa, don haka malami kan zaɓi batun da mujallar Turai za ta karɓa, ya bar wanda ke ƙofar gidansa. Alhali tambayoyin suna nan zube. Ruwan majemun Bompai da Sharada da Challawa yana ɗauke da kuromiyam, kuma ana noman kayan miya da ruwan Jakara da Getsi. Ina tsinken gwaji mai arha da manomi zai tsoma ya ga launi ya sauya? Sensar da aka ƙera don sanyin wata ƙasa, yaya take aiki a zafin Afrilu da ya haura digiri 40, ko bayan ƙurar hunturu ta toshe mata ƙofa? Na'urar jin hayaƙi da ke kuka duk lokacin da mai shayi ya hura wuta, kwana biyu za a cire mata batir.

Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari cikin dare a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. 'Yan kasuwa sun yi karo-karo, an sake gini. Kuɗin da ƙungiyar layi guda ke tarawa a wata zai iya ɗaukar nauyin ɗalibin digiri na biyu ya zauna ya auna irin hayaƙin da wayar lantarki ke fitarwa kafin ta kama, a cikin shago mai cike da atamfa da ƙura, ya nemo abin da zai ji shi da wuri. Daga Sabon Gari zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, adaidaita biyu ce.