'YAR BABANTA: LABARIN MABEL SEGUN, MARAINIYAR DA TA ZAMA UWAR MARUBUTAN YARA

 Yau ba labarin saurayi da budurwa na kawo muku ba. Labarin wata baiwar Allah ce 'yar kudancin Nijeriya, wadda ta rasa mahaifinta tun tana 'yar shekara takwas, ba ta bari kewarsa ta cinye ta a banza ba, sai ta zuba ta a takarda, har yaran ƙasar nan suka yi shekara da shekaru suna karantawa a aji. Sunanta Mabel Segun.

An haife ta ranar 13 ga Fabrairu, 1930 a garin Ondo, cikin ƙasar Yarbawa. Amma asalin gidansu mutanen Sabongida-Ora ne, a Jihar Edo ta yanzu. Mahaifinta, Isaiah Aig-Imoukhuede, limamin coci ne, aiki ne ya kai shi ƙasar Yarbawa. A gidan malami ta buɗe ido, gidan da littafi ba baƙo ba ne. Ana cikin wannan jin daɗi kwatsam mutuwa ta yi sallama, ta ɗauke uban a 1938.

Allah Sarki! Duk wadda ta ɗanɗana maraici ta san abin da nake nufi. Ranar da uba ya kwanta dama, ba mutum ɗaya kaɗai aka rasa ba, bango ne guda ya faɗi. Sau nawa muka ga yarinya mai ƙoƙari an cire ta daga makaranta don kawai babu mai biya mata? Ita dai Mabel karatunta bai yanke ba. Ta yi sakandaren 'yan mata ta C.M.S. da ke Legas, daga nan ta wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, a zamanin da ɗalibai mata ba su taka kara sun karya ba a wurin. Ta fito da digiri a 1953, kan Turanci da Latin da Tarihi, shekarar da Chinua Achebe shi ma ya gama a can. Kuma kada ki ɗauka kifin rijiya ce da ba ta san komai ba sai littafi; gwana ce a ƙwallon tebur, har ta yi suna a kanta.

Bayan ta gama ta koyar a makarantu, ta yi aikin watsa labarai, ta yi aure, ta haihu. Kai ka ce zancen ƙuruciya ya wuce ke nan. Ashe yana nan daram a zuciyarta. Sai a 1965, tana da shekara 35, wato shekara 27 da rasuwar mahaifin, ta fitar da littafinta na farko mai suna My Father's Daughter, ma'ana 'Yar Babana. Ba sarauniya a ciki, ba aljani, ba zoben tsafi. Rayuwar yarinya ce kawai a gidan ubanta, yadda idon yaro ke ganin duniya, har zuwa ranar rabuwa. Amma kin san me? Wannan ɗan littafi ya shiga makarantu, yara suka rungume shi, don a lokacin yawancin abin da ake ba su labaran yaran Ingila ne masu wasa da ƙanƙara. A nan kuwa sai ga yarinya baƙar fata irinsu, a gari irin nasu.

Uwa fa? Ba ta manta da ita ba. A 1986 ta fito da My Mother's Daughter, wato 'Yar Mamana, inda ta ci gaba da labarin daga bayan rasuwar uban. Shekara 21 tsakanin littattafan biyu. To ke mai cewa kin fara rubutu wata uku ya ƙi ƙarewa har kin jefar da biro, kin ji fa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Ba ta tsaya kan nata rubutun kaɗai ba. A 1978 ta kafa ƙungiyar adabin yara ta Nijeriya, a 1990 kuma ta buɗe cibiyar tattara littattafan yara da bincike a kansu a Ibadan. Ta rubuta waƙoƙi, da gajerun labarai na manya, da wasannin kwaikwayo. A 2007, tana da shekara 77, littafinta na wasanni goma sha biyu don matasa, Readers' Theatre, ya ci babbar gasar adabi ta kamfanin NLNG, suka raba kyautar da Akachi Adimora-Ezeigbo. A 2009 aka ba ta lambar girmamawa ta ƙasa da ake ba manyan masana. Abin kuma ya bi jini: ɗan uwanta Frank Aig-Imoukhuede mawaƙi ne sananne, 'yarta Omowunmi Segun ita ma marubuciya ce. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mabel ta rasu a watan Maris na 2025, tana da shekara 95.

Yanzu bari mu dawo gida, don ba haka kawai na ɗauko wannan labari ba. Mu matan Hausa, masha Allah, mun cika kasuwa da littattafan soyayya, ni ma cikinsu nake, ba na kuma jin kunyar hakan. Amma ki leƙa wurin mai sayar da littattafai ki ce ya ba ki wanda za ki karanta wa ƙanwarki 'yar shekara bakwai. Zai yi ta lalube, ƙarshenta ya miƙo miki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda tun wajen 1937 aka fara buga shi. Littafi ne na gaban goshi, babu musu, to amma shi kaɗai zai yi ta ɗaukar kayan har abada?

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Ga kaka nan a ɗaki da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da labarin yadda aka kai ta ɗakin miji a kan doki. Ga ranar da aka fara kai ki makarantar allo kina kuka, ga saukar karatun yayanki, ga kitson sallar da ya hana ki barci, ga ranar da aka haifi ƙaninki kika yi fushi don an ƙwace miki goyo. Ke kina ganin ba komai ba ne, don kullum a cikinsu kike. Ita ma Mabel ai da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta gina littafinta.

Abin tsoron shi ne, tsofaffin nan ba za su zauna jiranmu ba. Duk tsohuwar da ta tafi, da buhun labaranta take tafiya, ba mai dawo da shi. Don haka shawarata gare ki, 'yar uwa, ki ware littafin rubutu guda, ko mai shafi arba'in ne. Bayan sallar isha'i ki je ki zauna kusa da Inna ko Baba, ki ce su ba ki labarin da. Ki tambayi sunayen kakanni, da garin da aka taso, da shekarar da abu ya faru, ki rubuta yadda suka faɗa da bakinsu, kada ki gyara musu Hausa. Ki ajiye a ƙasan akwati inda gara ba za ta kai ba.

Ko ba a taɓa buga shi ba, wata rana 'ya'yanki za su buɗe su ji muryar kakan da ba su tarar ba. In kuwa Allah Ya sa an buga, ki tuna da mu ki aiko mana da kwafi ɗaya.