Daga Ina Sunan Barmani Ya Samo Asali?

Yau za mu duba sunan mata na gargajiya, wato Barmani, ko Barmini.

Sunan nan jimla ce sukutum aka dunƙule ta zama kalma ɗaya: bar + mani. Aikatau ɗin shi ne “bari”, amma in karɓau ya biyo baya sai wasalin ƙarshe ya faɗi, shi ya sa muke cewa “bar shi” ko “bar mini”. Bambancin “mani” da “mini” kuwa na karin harshe ne. Bakatsine zai ce mani, Bakano ya ce mini.

To wa ake roƙo ya bari? Allah. Idan mace tana wabi, wato tana haihuwa 'ya'yan suna rasuwa tun suna ƙanana, in ta samu 'ya sai a kira ta Barmani. Ma'ana, ya Allah ka bar mini wannan.

Akwai 'yan'uwansa da suka bi wata hanya daban: Ajuji (a juji) da Ayashe (a yashe ta). A nan ana nuna kamar ba a damu da yarinyar ba ne, don a al'adar da, ana ganin hakan zai sa ta tsaya. Damuwa ɗaya ce, wani ya yi roƙo, wani ya yi dabara.

Galibi laƙabi ne, akwai sunan yanka a gefe. Marigayiya Barmani Choge, mawaƙiyar amada ta Funtuwa da ta rasu a 2013, sunanta na yanka Sa'adatu.

Ba Hausawa kaɗai ke haɗa kalmomi su yi suna ba. Matilda na tsoffin Jamusawa ma haɗi ne na kalmar “ƙarfi” da “yaƙi”.

Yanzu wasu matasa na jin kunyar irin waɗannan sunaye, wai na ƙauye ne. Haba jama'a! Sunan da uwa ta raɗa bayan ta binne 'ya'ya ai ba abin dariya ba ne.

Mutanen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, ku tambayi kakanninku: Barmani suke cewa ko Barmini? Kuma wane suna ake ba namijin da aka haifa a irin wannan hali a garinku? Muna jiran amsoshinku.