Mene Ne Ceto Bayanai Daga Faifan Kwamfuta?

Ana yawan jin faifan ajiyar wata kwamfuta ya mutu, takardu sun salwanta. Ceto bayanai shi ne aikin zaƙulo su daga irin wannan faifai.

A cikin faifan ajiya mai juyawa akwai faya-fayai masu maganaɗisu, yawanci suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da 'yar allura mai karatu da ke shawagi a kansu ba tare da ta taɓa su ba. Gwani kan fara gano inda ciwon yake. In gogewa aka yi ko manhaja ta rikice, galibi bayanan suna nan. Sai ya kwafe faifan kaf, ya yi aiki kan kwafin. In kuwa ana jin ƙas-ƙas, mai yiwuwa allurar ce ta lalace, har tana kartar faifan. A kashe kwamfutar nan take, don kowane kunnawa ƙarin ɓarna ne. Irin wannan sai a ɗaki marar ƙura ake buɗe shi, a musanya allurar da ta faifai irinsa sak. Shi ya sa aikin yake da tsada.

Masu shagon buga takardu da ɗalibai masu rubuta kundi suna cikin masu shan wuya, musamman inda wutar lantarki kan dawo da ƙarfi ta ƙona allon lantarkin faifan.