Ciwon Giya: Wa Mai Mota Zai Kai Wa Kuka?

Duk wanda ya ratsa garejojin da ke yankin Kwaciri da Kwakwaci, a Ƙaramar Hukumar Fagge, zai tarar da motoci a ɗage an sauke musu akwatin giya, masu su kuwa suna gefe suna lissafi. Galibin motocin nan masu sauya giya da kansu ne, watau otomatik, kuma ƙorafin kusan iri ɗaya ne. Mota tana fizga wajen sauya giya, ko kuwa a taka totur inji ya yi ta ruri amma ta ƙi gaba.

A da ba haka abin yake ba. Lokacin da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, cikin 1975, shekarar da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ma'aikacin da ya karɓi bashin mota yakan sayi 504 sabuwa fil daga dillalin kamfani, da takardar garanti a hannu. Giyarta ta hannu ce. In kuloci ya cinye, bakaniken kowace unguwa ya san makamarsa, kayan gyara kuma suna nan jingim a shagunan Sabon Gari. Abin da ya fi wannan, akwai ofishin da mutum zai je ya kai kuka.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai jama'a suka koma ga motocin gwanjo da ake shigowa da su ta Kwatano da Ikko. Nan ne igiyar da ke tsakanin mai ƙera mota da mai hawanta ta tsinke.

Misali ɗaya ya isa. Cikin 2002 kamfanin Honda ya tsawaita garantin giyar otomatik ta wasu motocinsa a Amurka, ciki har da Accord ta 2000 da 2001, zuwa shekara 7 ko tafiyar mil 100,000. Sa'an nan cikin 2004 ya kira motoci fiye da miliyan ɗaya domin gyara kyauta, har da Accord mai silinda 6 ta 2003 da 2004, saboda giya ta biyu takan ɗau zafi don ƙarancin mai, haƙoranta su guntule. Kamfanin ya sauke nauyinsa a can. Amma fa wasiƙar kira takan je ne ga wanda sunansa ke cikin rajista a Amurka. Kafin irin motocin nan su iso Kano garanti ya daɗe da ƙarewa, mai saye kuwa bai san ko an yi gyaran ko ba a yi ba.

Ba dukkan laifin ne na nesa ba. Giyar otomatik ba ta son zafi, ga ranar bazara, ga cunkoson Titin Katsina. Kowace irin giya da man da aka tsara mata, musamman sabon samfurin nan na CVT mai aiki da bel. Amma sau da yawa wanda ya fi araha ake ɗurawa, wasu ma ba sa tuna man giya sai ya ƙone ya yi baƙi. In ta mutu, akasari sai a nufi Ƙofar Ruwa a sayo wata ta gwanjo, wadda ita ma ba a san tarihinta ba.

Akwai abin da mai saye zai iya yi tun kafin ya biya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alkaluma 17, kuma hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka tana da shafin intanet inda za a sa lambar a ga ko akwai gyaran kira da ba a yi ba. A gida kuma, dokar kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu cikin 2019 ta ba hukumar FCCPC ikon sauraron ƙara a kan mai sayarwa. Sai dai ƙara tana bukatar rasit da yarjejeniya a rubuce, alhali cinikin mota a Kano yawanci da baki ake ƙulla shi, dillali na tsakani.