Kulob Ko Ƙasa: A Ina Aka Fi Taka Leda A Zamanin Da?

Duk wanda yake zuwa gidan kallon bakin get ya san yadda fuskoki ke canzawa idan aka ce an tafi hutun wasannin ƙasashe. Mako biyu babu Firimiya, babu Laliga, sai ka ji ana tsaki ana cewa an ɓata wa mutane ƙarshen mako. A irin wannan rana ce wani dattijo cikin masu gadin ɗakunan kwananmu ya dube mu ya ce, “Ku yaran nan ba ku san ƙwallo ba. Mu a zamaninmu kulob share fage ne, Kofin Duniya shi ne ƙwallo.” Nan take musu ya ɓarke. Wani ya ce wallahi Barcelona ta Guardiola za ta yi wa kowace ƙasa cin kaca, wani ya ce ai Birazil ta 1970 ba a yi kamarta ba, kuma ba za a yi ba.

Baba mai gadi yana da gaskiya a zamaninsa, masu tsakin ma suna da tasu a yau. Abin da ya faru shi ne ƙwallon ce ta sauya wurin zama, kuma akwai dalilan da suka sa.

Abu biyu ke sa tawaga ta yi ƙarfi. Na farko, a tara gwanaye wuri ɗaya. Na biyu, su saba da juna har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun kafin ya ɗaga kai. Mu ɗauki misali da gida. Tawagar sashenku da ke atisaye kullum bayan la'asar tana da sabo, amma gwanayenta biyu ne ko uku. Tawagar makaranta da ake haɗawa idan gasar NIPOGA ta matso tana da gwanayen kowane sashe, amma sai an sha wuya kafin su fahimci juna. Kulob da ƙasa ke nan. Tambayar da za ka yi wa kowane zamani ita ce, wa ya haɗa biyun?

Lokacin da gwanaye ke zaune a gida

A da, kulob ba ya iya sayen duk wanda ya ga dama, ko da yana da kuɗin. Italiya ta rufe ƙofa ga sababbin 'yan wasan waje daga 1966 har 1980, sannan ta buɗe da mutum ɗaya, ta ƙara zuwa biyu, sai a 1988 ta kai uku. Sifaniya ta yi irin wannan rufewa daga 1962 zuwa 1973. A Ingila sai a 1978 aka saki hanya sosai, shekarar da Tottenham ta kawo Ardiles da Ricardo Villa daga Ajantina. Ƙasashen Gabashin Turai kuwa ba sa barin ɗan wasa ya fita sai ƙarfinsa ya fara ja baya, wasu ma ba sa barinsa ko kaɗan.

Saboda haka kulob na wancan lokaci yawanci 'yan gari ne. Celtic da ta doke Inter da ci 2-1 ta ɗauki kofin Turai a 1967, dukkan 'yan wasanta an haife su ne a Glasgow da kewayenta. Abin burgewa ne, amma ka ga iyakar ƙarfin kulob a nan: abin da yankinsa ya haifa shi zai buga da shi.

Yanzu dubi Birazil ta 1970. Dukkan 'yan wasa 22 da ta kai Meziko a gida suke wasa. Pele da Carlos Alberto a Santos, Jairzinho a Botafogo, Tostao a Cruzeiro, Rivelino a Corinthians, Gerson a Sao Paulo. Babu wani kulob a duniya da zai iya haɗa waɗannan mutane a fili ɗaya, sai rigar ƙasa. Sannan ba kwana biyar aka ba su ba, watanni suka yi a sansani, har da zuwa Meziko da wuri don jikinsu ya saba da iskar tuddai. Sun ci wasanninsu shida duka, Jairzinho ya zura ƙwallo a kowane wasa, suka gama da Italiya 4-1 a wasan ƙarshe. Gwanaye sun haɗu, sabo ya samu. A nan Baba mai gadi ba shi da abokin musu.

Akwai kuma batun gani. A lokacin ba kowane mako ake nuna wasan wata ƙasa a talabijin ba. Bature zai ji labarin ɗan wasan Kudancin Amurka shekara huɗu bai gan shi ba, sai a Kofin Duniya. Shi ya sa gasar ta zama wurin da ake auna kowa da kowa.

Ƙasar da ta ari kulob

Sai dai akwai wani abu da masu yabon ƙasashe ba su cika faɗa ba. Da yawa cikin manyan tawagogin ƙasa na tarihi, idan ka tone su, kulob ne aka sa wa rigar ƙasa aka ƙara masa mutum uku ko huɗu.

Hangari da ta je Wembley ta ci Ingila 6-3 a 1953, ta sake yi mata 7-1 a Budapest a 1954, ƙashin bayanta kulob ɗin sojoji ne mai suna Honved, inda Puskas da Kocsis da Bozsik ke wasa tare. Ajax ta ɗauki kofin Turai sau uku a jere, 1971 zuwa 1973, da salon nan da kowa ke iya shiga gurbin kowa, kuma shi Holand ta ɗauka ta tafi da shi Kofin Duniya na 1974 ƙarƙashin Rinus Michels, tsohon kocin Ajax. Wa ya doke su a wasan ƙarshe? Jamus ta Yamma, 2-1, da 'yan Bayern Munich shida a fili: Maier, Beckenbauer, Schwarzenbeck, Breitner, Hoeness da Gerd Muller. Ita ma Bayern ɗin ta ɗauki kofin Turai uku a jere daga 1974 zuwa 1976. A 1986 kocin Dynamo Kiev, Lobanovsky, ya kwashi 'yan kulob ɗinsa sama da goma ya tafi da su a matsayin Tarayyar Sobiyet, suka yi wa Hangari 6-0 a wasan farko.

To ka ga, a kulob ake ƙirƙiro salo, domin a nan ake da lokacin maimaita abu ɗaya safe da yamma. Ƙasa tana zuwa ne ta ɗauki dafaffe ta ƙara gishiri. Ko a baya-bayan nan haka ne: Sifaniya ta 2010 ta fara wasan ƙarshe da 'yan Barcelona bakwai idan aka lissafa David Villa da bai daɗe da sa hannu ba, Jamus ta 2014 kuma da 'yan Bayern shida.

Kulob ɗin da suka tsallake layi

Kada a ɗauka babu kulob na da da zai iya tsayawa gaban ƙasa. Real Madrid ta ɗauki kofunan Turai biyar na farko, 1956 zuwa 1960, tun kafin Sifaniya ta rufe ƙofa, da Di Stefano haifaffen Ajantina, Kopa na Faransa, da Puskas na Hangari. A wasan ƙarshe na 1960 sun ci Eintracht Frankfurt 7-3, Puskas huɗu, Di Stefano uku. Santos ta je har Lisbon a 1962 ta ci Benfica, zakarun Turai, 5-2, Pele ya zura uku. AC Milan ta Arrigo Sacchi, da Gullit da Van Basten da Rijkaard a gaban bangon Baresi da Maldini, ta yi wa Real Madrid 5-0 a 1989, ta ɗauki kofin Turai shekara biyu a jere. Mai cewa wannan Milan ta fi yawancin tawagogin da suka buga Kofin Duniya na 1990 tsari bai yi ƙarya ba.

Akwai kuma rashin adalcin da ke cikin ƙwallon ƙasa: ba ka zaɓar inda aka haife ka. Di Stefano bai taɓa buga wasa ko ɗaya a Kofin Duniya ba. George Best bai je ba. George Weah na Laberiya, wanda ya ci Ballon d'Or a 1995, shi ma bai je ba. Wanda ya auna waɗannan da ma'aunin ƙasa kaɗai ya zalunce su.

Ranar da ma'auni ya juya

A 1992 aka sauya wa kofin Turai fasali ya koma Gasar Zakarun Turai, a shekarar kuma aka kafa Firimiya, kuɗin talabijin ya fara kwarara. Ɗan Kaduna, Daniel Amokachi, wanda ya taso a Ranchers Bees, shi ya zura ƙwallon farko a zagayen rukuni na sabuwar gasar, yana Club Brugge. Amma har lokacin akwai ƙa'idar yawan baƙi. Magoya bayan Manchester United su tambayi manyansu abin da ya faru a 1994, lokacin da wannan ƙa'ida ta sa aka ajiye Schmeichel, Barcelona ta yi musu 4-0.

Sai ranar 15 ga Disamba, 1995, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya shigar. Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare zai iya tafiya kyauta, kuma ba za a ƙara ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar a kulob ba. Ajax da ta doke Milan 1-0 ta ɗauki kofi a 1995, da Finidi George da Nwankwo Kanu a cikinta, cikin 'yan shekaru aka wawashe ta. Davids, Reiziger da Kluivert suka tafi Milan, Kanu ya tafi Inter, Finidi ya tafi Betis. A ƙarshen 1999 Chelsea ta fito fili babu ɗan Birtaniya ko ɗaya cikin goma sha ɗayan farko. A 2010 Inter ta ɗauki Kofin Zakarun Turai ba ta fara wasan ƙarshe da ɗan Italiya ko ɗaya ba.

Daga nan manyan kulob suka haɗa abu biyun nan: gwanayen duniya, da atisayen kullum. Kocin ƙasa kuwa sai ya karɓi 'yan wasa a gajiye, daga kulob goma sha biyar, ya yi kwana uku da su, a ce ya ci wasa. Dole ya sauƙaƙa tsari, ya tsare baya, ya jira kuskure. Abin da ya sa wasannin share fage ke sa barci ke nan. Abin da ya rage wa ƙasa shi ne nauyi: a kulob idan ka faɗi yau akwai mako mai zuwa, a Kofin Duniya sai bayan shekara huɗu.

Mu fa a nan gida?

Labarinmu bai bambanta ba. IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauki kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1976, Rangers ta Inugu ta ɗauka a 1977. Daga waɗannan biyu Green Eagles ta sami ginshiƙanta, irin su Christian Chukwu, Segun Odegbami da Muda Lawal, ta ci Aljeriya 3-0 a Legas ta ɗauki Kofin Afirka na farko a 1980. Tawagar 1994 kuwa mafi yawanta a waje suke wasa, amma Clemens Westerhof ya riƙe ta tun 1989, shekara biyar yana gini. Ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, ta kai matsayi na 5 a jadawalin FIFA, ta ci Balgeriya 3-0 a Amurka. Babu kulob ɗin Najeriya na lokacin da zai kama ƙafarta. Masar ta bi tsohuwar hanya: ta gina tawagarta kan Al Ahly ta su Aboutrika da Wael Gomaa, ta ɗauki Kofin Afirka a 2006, 2008 da 2010.

Mu ma mun ɗanɗana. Enyimba ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta kai daf da ƙarshe a 2009. A 2013 Stephen Keshi ya yarda da 'yan wasan gida, kuma ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Matsalar ita ce yaro na fara haske ake ɗauke shi, kulob ba ya riƙe mutum har sabo ya samu, tawagar ƙasa kuma ba ta da dafaffen da za ta ɗauka.

Idan musun ya sake tashi

Kafin ka ɗaga murya a gidan kallo, tambayi abokin musunka wane zamani yake nufi. Daga 1950 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1980, mafi ƙarfin tawagar da za ka gani a duniya yawanci ta ƙasa ce, in ban da irin su Madrid da Santos da Milan. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau, ta kulob ce. Sannan ka tuna dokokin ma sun canza. Kafin 1970 babu jan kati ko ɗorawa a Kofin Duniya, kuma a 1966 da duka aka fitar da Pele daga gasar. Kafin 1992 gola na iya kama ƙwallon da ɗan bayansa ya mayar masa da ƙafa. Filayen ma ba irin na yau ba ne. Cewa wane zai ci wane tsakanin 1970 da 2011 hira ce mai daɗi, amma babu alƙalin da zai busa wannan wasa.

Cikakkun wasannin nan da yawa suna YouTube. Ranar da aka sake tafiya hutun ƙasashe, maimakon tsaki, a haɗa kuɗin data a kalli Birazil da Italiya na 1970, a bi shi da Milan da Madrid na 1989. A gayyato Baba mai gadi, a ba shi kujerar gaba.