Me Ya Sa Ja Ke Dusashewa Da Almuru?

Da zarar rana ta faɗi, shafaƙi ya gushe, sai jan fure ya koma kamar baƙi, alhali koren ganyensa yana nan da haskensa. Jan Purkinje, masani ɗan ƙasar Cek, ya bayyana wannan al'amari a 1825.

Sirrin yana cikin ido. A bangon bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, waɗanda ke bambanta launi da rana, da masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, waɗanda ke karɓar aiki idan duhu ya fara. Su waɗannan shuɗi da kore suka fi ji, ja kuwa kusan ba su san da shi ba.

James Whistler, Ba'amurke mai zane a Landan, ya mori wannan gaɓa. Daga 1871 yakan ƙura wa kogin Thames ido da almuru, ya haddace, sannan ya koma ɗaki ya zana. Zanen duk shuɗi ne da toka-toka, sai ɗigon rawaya na fitilu, domin haskensu ya isa ya farkar da ƙwayoyin launi.